Rasuwar Koriya da Maganar Notukanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ƙorafi wanda zan faɗa muku nan gaba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motata Koriya, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a garejin Dogo bakanike, bonet a buɗe.

Marigayiyar 'yar tagwaye ce. Babanmu ya sayo su rana ɗaya tun muna 'yanmata. Da ya rasu Koriya ta faɗo rabona, Fara ta faɗa hannun ƙanwata Auta. Fara a rumfa ta yi rayuwarta, ana goge ta da tawul. Koriya kuwa rana da ruwa a kanta suka ƙare. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauki buhuna, ta kwashi jikoki har da na Auta, wai kada su ɓata wa Fara kujera. Amma ku tambayi 'yan layinmu wacce suke tsayawa kallo.

Wanda ya san Koriya ya san muryarta. Tun daga kwana za ka ji "tsit-tsit-tsit", yara su ruga buɗe ƙofa. Dogo ya sha gaya min wai ciwo ne, noti ɗaya ne ya saki a jikin manifol, ƙarfen nan da ke tattara hayaƙin inji ya miƙa wa salansa. Ni dai sallama na ɗauke shi.

Ciwon ajali ya zo ne da tsatsa ta cinye sauran notukan. Na zamani sun ƙi hawa, zarensu daban. Na yi yawon shagunan kayan gyara har ƙafata ta kumbura, wannan ya tura ni wajen wancan, sai da wani tsoho ya zazzage gwangwaninsa ya fito min da cikakken saiti na tagulla, na ainihi. Na iso gareji da murnata, na tarar Dogo ya cire hula. Ashe ƙusar da noti ke hawa ce ta karye a cikin kan injin, ya sa abin huda ƙarfe zai fitar da ita, ya zarce ya huda har hanyar ruwan injin.

"Mama, sai haƙuri," in ji shi.

Ko noti ɗaya ba a gwada mata ba.

Ta rasu ta bar ni, da jikoki, da tsohuwar taya a bayan ɗaki, da 'yar'uwarta Fara, wadda ita ma ta kamu da irin ciwon nan, sai dai kan injinta lafiya lau. Notuka kawai take jira. Auta ta zo ta'aziyya, ta matso 'yar ƙwallarta, idonta na kan jakata.

"Yaya, su notukan ai ba da su za a tafi da ita ba ko?"

"Ki bari gawa ta huce mana!"

Ni na sha rana, ita za ta sha iska. Ba zan ɓoye muku ba, kwata na yi niyyar watsa notukan. Sai na tuna in Fara ta tsaya, babu sauran abin da hannun Baba ya taɓa da ke motsi a duniya.

Za a taru a garejin Dogo ranar Asabar da safe, lokacin da masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ɗaukar ta. Kafin nan Dogo zai ɗaura wa Fara notukan, ya faro daga tsakiya kamar yadda aka saba, ni zan riƙa miƙo masa da hannuna. Fara za ta bi gawar a baya, ni a kujerar gaba, wannan ba shawara ba ce.

Notin ƙarshe kuwa yana jakata, can zai zauna. Saboda haka duk wanda ya ji "tsit-tsit-tsit" daga kwana bayan Asabar, kada ya ce ga Auta nan. Ya tashi ya buɗe wa Koriya ƙofa.