Yadda Za Ka Raba Gardamar Ferrari da Porsche a Gidan Surukai

Kai mai neman aure a gidan masu hali, matso kusa. In ka bi matakan nan za ka samu mata, ko da sitiyarin tasin Uber kaɗai ka taɓa riƙewa. Na gwada su a kan abokina Dabo, ɗan tasi a garin Landover nan ƙasar waje, da ya je neman Sadiyya, 'yar Dokta Nasir na garin Clinton. Dokta na da tsofaffin motoci biyu a gareji, jar Ferrari da Porsche, kuma da su yake auna hankalin manema.

1. Sa hannu a aljihu

Motar ajiya ba a shafa ta. Gabanin Dabo wani ya jingina da jar Ferrarin don ɗaukar hoto. Har yau yana nan gwauro.

2. Yabi kowacce da abin da take da shi

Da Dokta ya ce, "To ɗana, wacce ta fi?" sai Dabo ya durƙusa kamar mai gaida mara lafiya.

"Baba, Ferrari ta fi ruri da zafin tashi. Amma Porsche ɗin nan injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ga haƙuri. Kullum ka tashe ta za ta tashi."

A wayarsa ya haddace wannan, a layin jiran fasinja na filin jirgi. Kai ma haddace. Kada ka tambayi inda za a yi gudun. A cunkoson babban titin Beltway, da Ferrari da motar kwasar shara tare suke rarrafe.

3. Girmama mita

A gida in ka ga tsohuwar mota mai mil dubu tara kacal a mita, ka san an juya mata mita. A nan kuwa daraja ce: motar da ba a hawa ita ke tsada. Da Dabo ya ga mitar Ferrarin, ya buɗe baki zai ce wani makanike ya cuci Baba, Allah ya taimake shi tari ya sarƙe shi. In ba ka da tari, ƙirƙiro.

4. Yanke hukunci, amma ƙirga kujeru

"Baba, in gudu da tsada ne, Ferrari. In zama lafiya ne, Porsche."

Dokta ya ji daɗi har ya ce ya zaɓi wadda za a kai amarya da ita. Daɗi ya kwashe Dabo, ya nuna ja. Ya manta kujerunta biyu ne rak, kuma ba a kai amarya ba tare da uwa ba.

Ranar biki Gwaggo Mairo, yayar Dokta, ta leƙa ciki ta ce, "Ina zan zauna?"

"Gwaggo, ai ta amarya ce."

"'Yar tawa za ta tafi daga ita sai direba? Ba a yi haka a gidanmu ba."

Ta tattare lafayarta ta shige, ta ja bel ɗin kujera. Ba wanda ya isa ya fito da ita.

Dabo na tsaye a ƙofarsa da babbar riga, masu hoto sun yi layi. Ferrari ta tsaya da ruri, aka ɗau guɗa, aka buɗe ƙofa, sai ga Gwaggo. Sadiyya ta iso bayan minti ashirin a motar masu abinci, tsakanin kulolin waina, kuma sati guda ba ta yi masa magana ba.

Gargaɗi: mata na yi maka alkawari, kuma Dabo ya samu. Wadda za ta sauko daga motar kuwa, wannan tsakaninka da danginta ne, kada a kira ni.