Inna Asabe a Shagon Katifa

"...Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya kwanan amarya?"

"Amarya ta kwana da yunwa. Mijinta ya fita tun ran Talata, ko gishiri bai bari ba."

Haruna ne tsugune a ƙofar ɗakin kakarsa, Inna Asabe, a tsohon gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce mata amarya. Watan Yuni ne na shekarar da soja suka koma bariki. An yi ruwa da asuba, darbejiyar tsakar gida tana ta ɗiga a hankali kamar mai tuna wani abu. Haruna ya ɗauki albashinsa na farko a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ya kuma yi alkawarin katifa zai fara saya mata.

Mahaifinsa, babban ɗan Inna, ya riga ya yanke magana: ranar da ta kasa tashi daga gado da kanta, ranar za a rufe ɗakin nan a mai da ita gidansa na Hotoro. Haruna ya san da wannan. Abin da bai sani ba shi ne, wata uku ke nan tsohuwar katifarta ta rimi ta yi kwari a tsakiya, kullum sai ta yi kokawa da ita kafin ta miƙe sallar asuba. Ba ta gaya wa kowa ba. A ɗakin nan aka kawo ta tana amarya, ba ta kuma da niyyar barinsa sai a makara.

"Sa mayafinki mu je kasuwar Tarauni," in ji shi. "Yau za mu yi wa katifar nan ritaya."

"Me ta yi maka?"

"Juyin mulki nawa ta gani? Soja ma sun gaji sun sauka, ita ta ƙi sauka."

"Ita ba ƙwatar gadon ta yi ba. Zaɓenta aka yi, ni da Malam kakanka."

"To wa'adinta ya cika. Rannan na zauna a kanta, na ji wani abu ya gaishe ni daga ciki."

"Danginka ne. Kuɗin cizo sun san nasu."

"Taso dai, tsohuwa."

"Yanzu da kuɗin leƙen fitsarin mutane za ka saya mini wurin kwana?"

"Har da na jini. Haɗawa na yi."

Ta dafa bango ta miƙe daga kujerarta, ta yafa mayafi, suka tari tasi a bakin titi.

Shagon na wata mace ne, Kande, mutuniyar Kagoro, tsohuwar malamar firamare da ta ajiye alli ta kama sayar da katifa. Katifu jere har silin cikin ledarsu, shuɗi da ja da ruwan hoda, ga gadon katako guda a tsakiyar shagon domin masu gwaji.

"Sannunku da zuwa. Mama, sannu da hanya," in ji Kande. "Ɗanki ne?"

"Allah ya kiyaye. Mijina ne. Rasa na kirki na yi."

"Allah ya ba da haƙuri," Kande ta ce, ko murmushi babu.

Haruna ya gyara wuyan riga. "Madam, ki ba mu wadda ta fi kowace taushi da kauri. Irin wadda in sabon kansila ya kwanta a kai, sai ya manta unguwar da ta zaɓe shi."

Shi da Kande suka kinkimo wata shuɗiya mai zanen furanni suka ɗora a kan gadon. Kande ta danna ta da tafin hannu, hannun ya nutse har wuyansa.

"Inci goma sha biyu ce, Mama. Duba ɗinkin gefen. Garantinta shekara goma."

"Shekara goma?" Inna ta dube ta. "Ni wa ya ba ni garantin shekara goma? Ba ki da ta shekara biyu, a sauƙaƙa wa bawan Allah?"

"Ashirin ma za ki yi," in ji Haruna. "Mutuwa tsoron bakinki take."

"Na san rabon gado kake jira. Buta ce rabonka, ita ma tana yoyo."

"Na ji. Kwanta ki ji yadda take."

"In kwanta? A kasuwa, mutane suna wucewa? Kai da ba ka da kunyar barci a ko'ina, bismilla."

Ya tuɓe takalmi ya miƙe a kai, ya lumshe ido. "Wayyo daɗi. Madam, rufe shagon nan, a tashe ni ran Juma'a."

"Kin gani ko?" Inna ta ce wa Kande. "Haka yake tun ran suna. Wanzami yana aski, shi yana minshari."

"Ƙarya take yi mini, Madam. Ba ta je sunan ba, tana fushi an rage mata nama."

"Sauka ka ba mutane wuri."

Ya sauka. Inna ta juya baya, ta tattara zaninta, ta zauna a bakin gadon. Katifar ta karɓe ta kamar yadda ƙullu ke karɓar ludayi. Ta nutse, gwiwoyinta suka yi sama, ƙafafunta suka rabu da ƙasa, silifas ɗaya ya faɗi.

"Yaya kika ji?" in ji Haruna.

"Ba laifi."

"Ba laifi kawai? Sarauniya kika zama. To tashi a ɗaure mana ita."

"Gaggawar me kake? Katifa ba tumatir ba ce da za a danna a wuce." Ta juya wajen Kande. "Ke 'yar ina ce?"

"Kagoro, Mama."

"Ana ruwa a can?"

"Tun Afrilu."

"Madalla. Citta ta yi kyau bana?"

Tana tambayar tana ɗan sunkuyowa gaba, kamar mai son jin amsa da kyau. Sai ta koma baya. Ta tambayi iyayen Kande, ta sake sunkuyowa, ta sake komawa. Ta tambayi 'ya'yanta nawa, da sunan kowanne.

Haruna ya buɗe baki zai ce ko zaɓe za ta tsaya a Kagoro, sai idonsa ya sauka a kan hannunta. Yatsun sun damƙe ledar katifar har jijiyoyi sun tashi. Gari a sanyaye yake, amma ga gumi ya tsattsafo mata a goshi. Babban yatsan ƙafarta yana ta laluben ƙasa bai same ta ba. Ya san irin wannan zaman, kullum yana ganinsa a barandar asibiti. Kande ma ta gani, ta juya ta hau gyara matasan kai da ba su buƙatar gyara.

"Madam, ki yi mana haƙuri," ya ce, fuskarsa ba ta sauya ba. "Amaryar ƙauye ce. Ba ta tashi daga gado sai ango ya zo da kansa ya kama hannu. Tun ran biki take yi mini wannan yangar."

"Kai ne ka ƙi sayen baki," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Ga hannu. Shi kaɗai na mallaka."

Ya miƙa mata damtsensa yana kallon silin. Ta kama. Bai taɓa sanin akwai irin wannan ƙarfin a yatsunta ba, bai kuma san ta zama marar nauyi haka ba. Ta miƙe, ta sake shi nan take, ta laluba silifas ɗinta da ƙafa, ta gyara mayafi. Wani ɗan acaɓa ya wuce a waje yana ta matsa oda.

Haruna ya daki shuɗiyar katifar da bayan hannu. "Wannan ba katifa ba ce. Rijiya ce aka ɗinka wa riga."

"Ɗazu ka ce a tashe ka ran Juma'a."

"Ai shi ne laifinta. So kike a kore ni daga aiki? Madam, ɗauke ta. Kawo wadda ta fi kowace mugun hali, wadda za ta dace da tsohuwar nan."

Kande ta shiga can ƙurya ta jawo wata mai ruwan ƙasa, ba fure ba ado. Suka sauke shuɗiyar suka ɗora ta.

"Inci shida ce," in ji Kande. "Masu ciwon baya ke nemanta. Sosonta a matse yake, ko gefen ba ya lotsawa." Ta ɗora gwiwa a bakin katifar ta danna da dukan nauyinta, ta ɗaga, wurin ya dawo kamar ba a taɓa ba. "Ba ta da kyan gani, shi ya sa nake ɓoye ta. Kuɗinta ma bai kai na waccan ba, amma za ta fi ta jinkirin tsufa."

Haruna ya zauna a kai ya yi tsalle sau ɗaya. "Wannan ai bencin kotu ne."

"Ashe ka san shi," in ji Inna. "Matsa."

Ba ta zauna nan da nan ba. Ta sunkuya ta auna tsayin gadon daga ƙasa da damtsenta, kamu ɗaya da yatsu huɗu, ta gyaɗa kai. Daidai yake da gadon ƙarfenta na gida. Sannan ta juya ta zauna. Katifar ba ta yi mata maraba ba, ba ta kuma haɗiye ta ba. Tafin ƙafafunta biyu suka zauna daram a kan siminti.

Ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta yi bismilla a hankali, ta miƙe tsaye.

Ta koma ta zauna. Ta sake miƙewa. Ta zauna, ta miƙe na uku.

"Mene ne haka kuma," in ji Haruna, "kamar 'yar aji ɗaya hedimasta ya shigo?"

"Shekara ashirin na yi ina koyarwa," in ji Kande, "ban ga mai tashi da ladabi haka ba."

"Ita nake so," in ji Inna.

"Kin bar ni'ima kin ɗauki katako."

"Na iya zama da kai, katako ne zai gagare ni?"

"Madam, ki zama shaida. In ta zo tana kukan haƙarƙari, ba ni na zaɓa ba."

"In na yi kuka, kai na tuna."

Ya biya. Kande ta ƙara mata matashin kai kyauta, ta ce na amarya ne. Aka tsai da tasi, direban ya hau ɗaure katifar a saman mota da igiya. Inna tana tsaye a inuwar shago, rana ta fara fitowa, tururi yana tashi daga jiƙaƙƙen titi. Ba ta dubi Haruna ba sa'ad da ta yi magana.

"In ka je Hotoro, me za ka gaya wa ubanka?"

"Gaskiya mana."

Hannunta ya tsaya a bakin mayafi. "Wacce?"

"Zan ce na nuna miki katifar masu kuɗi kin raina ta. Kin zaɓi benci, kin tashi daga kansa sau uku a gaban shaida, ba wanda ya taɓa ki."

"Sai me?"

"Sai in ce kar ya kuskura ya kawo ki gidansa. Ɗakuna huɗu ne kacal, ba za su ɗauki bakinki ba."

"Shi ke nan abin da ka gani?"

"Shi ke nan. Ni idona ba ya ganin komai sai an sa mini a ƙarƙashin na'ura."

Inna ta daɗe tana kallon direban yana ja da igiya. Can ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta, ta fito da farin goro, ta miƙa masa ta gefe.

"Ungo."

Ya juya shi a tafin hannu. "Guda? Ba a ɓantara ba? Inna, lafiya kuwa? In kai ki a auna ki?"

"Karɓi kafin in dawo cikin hayyacina." Ta nufi ƙofar motar, ta buɗe da kanta. "Gobe in ka zo da safe, kar ka tsaya sallama a ƙofar ɗaki. A tsakar gida za ka same ni."

"Kina me?"

"Shara. Ka tsaya daga nesa, kar in haɗa da kai."

Dariyar da yake riƙewa tun safe ta ƙwace masa, har direban ya leƙo daga saman mota.

"Na sallama, amarya," ya ce. "Matsa ciki, mijinki zai zauna."