Ranar da Na Aurar da Fada

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗaura wa limamin Katolika aure a tsakar gidanmu, ba tare da na nemi shawararsa ko ta amaryar ba.

Lokacin ana tsakiyar ostariti, wato zamanin tsuke bakin aljihu, gwamnati ta rufe ƙofar ɗaukar aiki. Ni kuwa na gama digiri a ilimin zamantakewa, na yi bautar ƙasa, na dawo ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure ina taya Baba ban-ruwan tumatir. Abokaina na majalisa suka laƙaba mini suna Furofesan Kwando. Ban damu ba, don a ganina duk faɗin yankin babu wanda ya kai ni sanin halin ɗan Adam (ra'ayin da ni kaɗai nake riƙe da shi, amma da hannu bibbiyu).

Ana haka na ga sanarwa a jarida: wata kwalejin 'yan Katolika a ƙasar Filato, mai ba da digiri a ƙarƙashin wata jami'a, tana neman malamin zamantakewa. Na je intabiyu. Mutum biyu na tarar: shugaban kwalejin, wani tsohon Bature limamin Katolika da ake kira Fada, da wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai farin lulluɓi da ake kira Sista. Da Turanci aka yi komai, ni ma na zuba nawa har da na aro. Aka tace mu, muka rage mu biyu. Fada ya ce tunda a kan manoman rani na yi bincikena, za su zo su gan ni cikin mutanena kafin su yanke hukunci. Wato dai ko aikin nan, ko kwandon tumatir har illa masha Allahu.

To, ni a wajen bautar ƙasa gidan wani fasto na zauna, mai mata da 'ya'ya shida. Saboda haka na ɗauka na gama sauke Kiristanci. Fasto da Fada, a wajena Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ranar da suka zo a wata tsohuwar Fijo, na zagaya da su bakin kanal, na nuna musu yadda ake raba ruwa bi da bi, da yadda na ƙarshen layi kullum shi ke kuka. Bayani ya yi bayani. Ana cikin tafiya sai na hango zobe a yatsan Sista. Can kuma na ji tana yi wa Fada faɗa wai ya sa hularsa kada rana ta kwantar da shi, shi kuma ya sa bai ce uffan ba. Na ce a raina, shi ke nan, bincike ya kammala. Wace mace ce za ta yi wa namiji irin wannan faɗan ya yi shiru in ba matarsa ba? Duk manomin da ya tambaye ni su wane ne, sai in ce da Hausa, "Maigidana ne da iyalinsa." Fada yana gefe yana ta murmushi, ni kuwa na ɗauka iya magana ta ce ke burge shi.

Soronmu cike yake da buhunan alkama, don haka Baba ya ce a shigo da baƙi ciki. Aka shimfiɗa tabarmi biyu a gindin mangwaro, ni da kaina na naɗe ɗaya, na ce ai ba a raba miji da mata. Aka ci tuwon shinkafa, aka sha fura. Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce, "Kai, tambaye ta, yara nawa?"

Na tambaya da Turanci. Sista ta yi dariya ta ce ɗalibanta su ne 'ya'yanta. Na juyo na fassara wa Inna da muryar masana: "Allah bai ba su haihuwa ba."

Tausayi ya kama Inna. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin sassaƙe, ta danƙa a hannun Sista. "Gaya mata ta jiƙa ta riƙa sha safe da yamma. Shi ma maigidan ya ɗan riƙa kurɓa, don wani sa'in laifin ba na mace ba ne."

Mai hankali da ya yi shiru. Ni kuwa na fassara tsaf, ban rage ko wasali ba, har na ƙara da sharhi kan matsayin maganin gargajiya a zaman aure. Ina cikin sharhin na ga idon Sista ya firfito, ta dubi ƙullin, ta dubi Fada, ta dube ni.

Fada ya ajiye ludayin fura, ya gyara murya, ya buɗe baki da Hausa tangararan, irin ta wanda ya tsufa a ƙauyukan Maguzawa.

"Inna, Allah ya saka da alheri. Sai dai mu limaman Katolika ba ma aure, su ma Sistoci haka. Zoben nan na alkawarin da ta yi wa Allah ne. Tun a bakin kanal ɗanki ya aurar da ni, na ce bari in ga ko har suna za mu kai."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta rufe fuska da gefen zani. Baba ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam, a makarantar taku ba a koyar da tambaya ne?"

Na raka su mota ina lissafin kwandunan da zan ɗauka har tsufana. Sista ta shiga gidan baya, na lura ba ta yar da ƙullin ba.

Bayan wasu makonni saƙo ya zo, an ɗauke ni. Fada ya ce sha'anin ruwa da gona na san shi, sauran kuma kunya ta riga ta koya mini. Kwas ɗin farko da aka ba ni shi ne Aure da Iyali, kuma Sista ce shugabar sashenmu. Ta adana ƙullin nan a saman kabad ɗin ofishinta. Duk sa'ad da zan tafi hutu gida, sai ta nuna shi da biro, ta ce da 'yar Hausar da ta koya, "Ka gaida Inna. Ka ce har yanzu shiru."

Shi ya sa duk ajin da na shiga, darasina na farko ɗaya ne: matambayi ba ya ɓata. Ni yanzu ko ango na gani da babbar riga ana watsa masa turare, sai na fara tambaya ko yana da aure.