Na'urar da na ceto daga ruwa

Damina ce, a shekarar da aiki ya yi wuya, na samu aikin girki gidan wani Alhaji a Mahuta mai wurin ninkaya a bayan gida. Ban daɗe da farawa ba na leƙa, sai ga wata na'ura tana rarrafe a ƙasan ruwan, igiyar wuta na biye da ita. Ni da na yi yaƙi da jahilci, ai na san lantarki da ruwa ba sa shiri. Na kashe soket, na jawo ta a hankali, na goge ta da zanena, na binne ta cikin buhun shinkafa, yadda ɗana ya yi da wayarsa ta jiƙe.

Da yamma Alhaji ya ce an sace ta, zai sallami Bitrus maigadi. Na fito da murmushina na ce, "Alhaji, ai ni na cece ta."

Na nuna masa buhun, ya leƙa ciki ya ce, "Maman Sadiya, share ƙasan ruwan ne aikinta."

Washegari da safe ina zaune ina ciro shinkafa daga tayoyinta da tsinke, Bitrus ya wuce ya ce, "Likita, ya mai jiki?" Har yau sunana ke nan a gidan.