Tabarau Ya Iso, Kiɗa Yana Hanya

Jama'a, jiya na ga ci gaba da idona, har yanzu ban gama farfaɗowa ba.

Manyanmu, Allah Ya ƙara musu basira, sun sayo wa makarantar da nake koyarwa wani tabarau. In ka saka shi, sai ka ga mutumin da ke wata uwa duniya tsaye a gabanka, har ku yi kiɗa tare. Rufin ɗakin taronmu yana yoyo, amma wannan ƙaramar magana ce.

Maƙwabcina makaɗi ne, yana neman aikin koyar da kiɗa a wurinmu. Aka sa gwajinsa ranar ƙaddamar da tabarau: ya buga ganga, ƙaninsa mai sarewa ya bi shi daga can nesa. In Mai Girma, babban baƙon taron, ya gyaɗa kai, aiki ya samu.

Ya saka tabarau, ya ga ƙanin, ya washe baki. "Kai, Auta, ka yi ƙiba!"

Shiru. Sai da ya ɗaga gula sannan muka ji, "Yaya, ina wuni?"

Abin da 'yan kwangilar da suka kawo tabarau ba su sani ba, tun suna yara Auta ba ya shiga gaban yayansa, sai ya ji dukan ganga yake busawa. Yayan kuma ba ya barin ƙani a baya. Ga shi sautin yana tsayawa shan iska a hanya, zuwa da dawowa. Wannan ya jira, wancan ya jira. Waƙar murna ta dinga jan ciki, har wata dattijuwa a bayana ta tambaya ko rasuwa aka yi.

"Auta, bar jirana!"

"Na'am?"

"Ka busa kawai!"

"To Yaya, fara mana."

Na matsa kusa da hadimin Mai Girma na ce, "Ranka ya daɗe, netwok ne ke jinkiri."

Ya ce, "Malam, netwok ɗin da Mai Girma ya ƙaddamar da hannunsa?"

Na ba da haƙuri a madadin kunnena.

Yau da safe aka sanar cewa maƙwabcina bai dace ba, hannunsa yana latti, kada yara su koya. Na same shi a ƙofar gida, ganga a cinya, yana tambayata ko tsufa ne ya kama shi.

Ni dai ban ga laifin netwok ba, yaro ne mai tarbiyya. An sa taro da hantsi, Mai Girma ya iso bayan la'asar. Ina shi ina riga manya isowa?