Yadda Za Ka Koya wa Sojojin Taurari Dara

Tun kafin kowa a Damagaram ya san akwai soja mai tsawon ɗan yatsa, ni Nomau na riƙe shi a hannuna. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma na tsira daga fari biyu da kifewar motar Gidimuni, don haka ka saurara. In ka bi matakan nan, na lamunce maka wata guda ana maganarka a unguwa. Tawa har yau ana yi.

1. Samo sojojin

Kada ka saya, yi suruki mai ilimi. Nazir, mijin 'yata Zakiyya, zai tafi aiki Yamai, ya kawo mini akwati. Ya ce, "Baba, a ajiye mini inda yara ba za su taɓa ba. Shekara huɗu ina yi musu fenti." Sojojin roba ne, wai a wasu taurari suke yaƙi, da hular ƙarfe da bindigar haske, har da mai hannu huɗu. Na ce ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. Ni kuwa ba yaro ba ne, sai na buɗe.

2. Watsar da dokarsu

Za ka tarar da littafin Faransanci mai kaurin tubali, da ƙwayoyin ludo, da metir irin na tela. Mayar da su. Yaƙin da sai an auna kafin a yi harbi, ɗinki ne. Kai su dara: gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya.

3. Rage musu girman kai

A dara babu kumandan. Mai hannu huɗu ma gurbi ɗaya zai taka, kamar tsinke. Sai dai ka faɗaɗa guraben, don kowanne a kan ɗan faifai yake tsaye.

4. Tsorata abokin karawa

Nawa Kyari ne. Shekara goma sha tara ina barinsa yana cina saboda zumunci. Na jera rundunata gindin bishiyar bedi, shi ya zube tsakuwarsa. Ya ce, "Nomau, bindigar tana harbi?" Na ce za ka gani. Ya ce, "To ka gaya musu tsakuwa ba ta gudu."

5. Tuna wanda ke bayansa

Nan wasu ke kuskure. A majalisarmu in ka ci ɗan wani, ta bayan kafaɗa kake wurgar da shi ba waiwaye, tunda kara ne ko dutse. Bayan Kyari kuwa murhun Shatu mai ƙosai yake. Sojana na farko da ya ci ya faɗa wuta. Shatu ta ce, "Malam, wa ke ƙona takalmi?" Na biyu a cikin mai ya sauka.

6. Kada ka tashi

Namiji ba ya janye runduna don an taɓa biyu. Na sake zubi. Na koma gida na kawo sauran. Kafin la'asar, cikin ashirin da huɗu saura tara, ɗaya ba kai.

7. Cike gurbi

Nemi ƙwallon dabino, ka manna shi a kan marfin kwalba da ƙaro, ka shafa shuni, ka sa ƙayar aduwa a matsayin bindiga. Daga nesa, ga mai ciwon ido, babu bambanci.

8. Karɓi surukinka a zaune

Ran Juma'a Nazir ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya buɗe akwatin. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga ƙwallo ɗaya, bindigar ta faɗi. Na ce yaƙi suka je. Ya ce, "Sannu da riƙo, Baba." Ya rungumi akwatin ya fita. Tun ranar in zai yi tafiya, ko tabarma a gidan Kyari yake ajiyewa.

Abin da ya same ka bayan ka bi wannan, kai da surukinka, ban san ka ba. Wanda kuma ke cewa sojan taurari ba ya iya dara, ya same ni gindin bedi a unguwar Kara-Kara bayan azahar. Ya zo da nasa sojojin.