Yadda Za Ka Tsere wa Nafir da Kwamfutar da Ba Ta Kunnuwa

Kai da ka gaji da sunkuyo a gonar wani, matso kusa, aikinka ya koma gida daga yau. Dabarar nan tabbas ce. Attahiru na ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla, ya gwada ta, damina guda bayansa bai yi ciwo ba. Ya tsince ta ne ranar da aka kira nafir, wato gayya, kowa ya saɓa fartanya, amma ba wanda ya ce wa Mujtaba ɗan ƙanensa tashi, don wai daga ƙarƙashin rumfa yake wa wani kamfanin Dubai aiki. Attahiru ya ce a ransa, ashe duniya ta yi daɗi haka ba a faɗa mini ba!

1. Nemi kwamfuta
Kada ka damu ta kunnu. Ta Attahiru matacciya ce, kuma matacciyar ta fi. Ba ta shan wuta, ba ta gardama, kana duba baƙin gilashin sai ka ga wani dattijo mai kwarjini yana gyaɗa maka kai.

2. Gyara sama, ƙyale ƙasa
Naɗa farin rawani. Dubai iya ƙirji take gani, ƙafa kuwa tsoma ta a kwanon ruwan sanyi.

3. Koyi ɗaga yatsa
Maƙwabcinsa Sambo ya zo kiransa noman hawasha, gonar da yake haya bakin ruwa.
"Ya Hajj, taso mana, an ɗora tuwon asida!"
Attahiru ya ɗaga yatsa. "Shhh, ya zol, bawan Allah! Mudir, shugaban kamfani, na kan layi."
Sambo ya cire takalmi, ya gaida kwamfutar, ya fita da sanɗa. Haka Attahiru ya sallami gida bayan gida.

4. Komai ya rikice, laifin shabaka ne, wato netwok
Matarsa Sabuwa ta leƙo. "Alhaji, wai mi kake yi masu a Dubai ɗin?"
"Raƙumansu nake kiwo daga nan."
"To ina raƙuman? Baƙi ƙirin nake gani."
"Shabaka ta ɗauke, sun shige duhu. Kada ki firgita su."

5. Kada dawarka ta nuna
Nan ne ma'abota ilimi ke tuntuɓe. Ta Attahiru ta nuna, tsuntsaye suka fara walima, hannu biyu kuma ba sa girbe ta. Ya kira nasa nafir ɗin. Sabuwa ta tuƙa asida tukunya guda, rana ta take, ko akuya ba ta zo ba. Ya ruga gidan Sambo, ya tarar da shi kishingiɗe da sabon rawani, baƙin farantin shayi jingine a gwiwa, yana ta dannawa.
"Sambo, dawata!"
Sambo ya ɗaga yatsa. "Shhh, ya Hajj! Ita nake girbe maka daga gida. Ka tsaya mini a kan shabaka."

Tunatarwa
Mai wannan rubutu ba ruwansa da asidar da ta huce, da dawar da tsuntsu ya ci, da kallon da matarka za ta yi maka. Mai ƙara ya nemi Attahiru. Yana gona shi kaɗai a sunkuye, kwamfutar kuma na rataye a sanda tana korar tsuntsaye. Duk gidan, shi da kwamfutar, yanzu a waje suke aiki.